Rami Huɗu, Haƙori Huɗu

Usta Shahata ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ja wa mutanen unguwar Shubra wayar wuta, kuma in ka zauna da shi na minti goma sai ya gaya maka cewa a duk tsawon shekarun nan ko ƙwan fitila ɗaya bai taɓa ƙonawa ba. Abin haushin, gaskiya yake faɗa. Ka tambayi masu gidan burodi, ka tambayi limamin masallacin layinsu, kowa zai ce maka aikin Usta ba ya dawowa. Sai dai shekara biyu ke nan da hannunsa na dama ya fara rawa, likita ya raba shi da tsani, ya koma gidansa a hawa na biyar ya tura jakar kayan aiki ƙarƙashin gado. Mutumin da ya saba a yi ta buga masa ƙofa tun bai karya ba, yanzu sai ya wuni ba wanda ya neme shi ko da canjin fis ne. Abin yana cinsa a rai, amma ko da wasa ba zai yarda ya faɗa ba.

'Yarsa ɗaya ce, Basant, kuma su biyu suka rage a gidan tun rasuwar mahaifiyarta. Ita ta gado hannun. Ta yi makarantar koyon sana'a, ta fito da takarda mai kyau, ta ce ita ba abin da take so sai haɗa kwamfuta. To a dogon benen nan na masu kwamfuta da ke Bab el-Luk, inda shaguna suka hau kan juna hawa-hawa, an riga an raba wa kowa wurinsa. Mata suna teburin gaba, suna ɗaga waya suna yi wa masu saye murmushi, maza suna bencin baya da sukundireba. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Alhaji Mamduh, mai shago a hawa na uku, ya yarda ya ba Basant benci na gwajin wata uku, shi ma don Usta ne ya yi wayarin gidan mahaifinsa. Ya faɗa mata a fili tun ranar farko: in wata ukun ya cika lafiya, bencin nata ne, in kuma aka samu matsala ga teburin gaba nan, ba zai kore ta ba.

Ranar Alhamis ta ƙarshe a wata na ukun ta dawo gida bayan la'asar, direban tasi da mai gadin bene suna nishi da kwalaye a bayanta. Aikin ƙarshe ne, kuma mafi girma da aka taɓa damƙa mata. Wani matashi ne daga unguwar Ma'adi, cikin masu wasan kwamfuta jama'a na kallonsu ta intanet, ya yo odar kayansa daga waje da kansa, ya ce ranar Asabar yake son abinsa. Shagon ba ya buɗewa Juma'a, shi ya sa Alhaji ya ce ta tafi da shi gida ta ƙarasa.

Da safiyar Juma'a teburin cin abincinsu ya koma benci. An ture kwanon wake da burodi gefe guda, baƙin akwatin kwamfutar mai gefen gilashi ya cinye tsakiya. Usta ya jawo kujera da kofin shayinsa, ya zauna a matsayin ɗan kallo, wanda a wurinsa bai da bambanci da mai duba aiki.

"Nawa na ƙirga? Goma?"

"Goma, Baba. Uku a gaba, uku a sama, uku a ƙasa, ɗaya a baya."

"Fanka goma a akwati ɗaya. Mu nan ɗaya ce da mu a silin, ita ma sai an tura ta da sandar mofa take tashi. Gawa zai ajiye a ciki?"

"Kai, Baba."

"To na ji, iska yake so. Fitilar da ke jikinsu fa? Iskar ce ba ta ganin hanya?"

"Ado ne. Yana so in ya kunna ta fara da shuɗi, ta gangara ja, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta zagayo."

"Mu a zamaninmu sai ana biki ake rataya irin wannan a layi. Yanzu kowane ɗan gata bikinsa yake yi shi kaɗai a ɗaki."

Ta yi dariya, hannunta bai tsaya ba. Tana aikin tana yi masa bayani, don ta san yana jin daɗi a sa shi a ciki. Kowace fanka wutsiya biyu gare ta, ɗaya ta juyi, ɗaya ta haske, ga waya ashirin ke nan. Babban allon da ake dasa komai a kansa ba zai iya ɗaukar su duka a baki ɗaya ba, in aka jera su a kansa zai gaji, shi ya sa ake tara su a wani ɗan akwatin rabo da ake maƙalawa a baya. Daga akwatin rabon waya ɗaya tak take fita ta je kan allo, ita ce ke ɗauko umarnin launi ta raba wa goman. Ta kuma ce wani abu game da ƙarfin wuta, bolt biyar da bolt goma sha biyu. Wannan kam ta faɗa, ba wanda zai ce ba ta faɗa ba. Sai dai a daidai lokacin Usta yana tsakiyar labarin wani gidan silima da ya yi wa wayarin shi kaɗai cikin kwana tara, kuma mutumin da ke ba da labarin kansa kunnensa a toshe yake.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka buga mata waya daga hawa na biyu. Gwaggonta ce mai ciwon suga, lokacin allurarta ya yi, kuma ba ta yarda da hannun kowa sai na Basant. Ta goge hannu, ta yafa mayafi. Da wani ne zaune kusa da akwatin, ko Alhaji Mamduh ne da kansa, sai ta ce kada a taɓa. Amma wa zai dubi Usta Shahata ya ce masa kada ya taɓa waya? Ta ce kawai, "Yanzu zan dawo," ta ja ƙofa.

Da farko kallo kawai ya yi. Ya sa tabarau, ya zagaya bayan akwatin, ya ga yadda ta kwantar da wayoyin nan ashirin, kowace ta bi layinta, an ɗaure su da roba taki-taki, ba wadda ta hau wata. Ƙirjinsa ya cika. Wannan koyarwarsa ce, ko makarantar ba ta isa ta ce nata ba ne. Sai idonsa ya faɗa kan waya ɗaya siririya da ta leƙo ta gaba tana lilo a ƙasan allo, ba a sa ta ko'ina ba.

Usta yana iya haƙuri da maƙwabci mai kiɗa, yana iya haƙuri da ciwon gwiwa, amma waya mai lilo ba ya iya kallonta. Ya kama kanta ya ɗaga wa hasken taga. Rami huɗu. Ya sunkuya ya duba gindin allon, ya ga wurin sawa guda biyu kusa da juna, kamar tagwaye. Ɗaya haƙoransa huɗu cif, ɗayan uku ne da giɓi a tsakani. Ya girgiza kai, ya yi tsaki. Kayan zamani ke nan, a caje ka kuɗin duniya a kawo maka abu da karyayyen haƙori tun daga kwali. Wataƙila ma abin da ya tsayar da yarinyar ke nan, tana tunanin yadda za ta yi. Ai lissafin ba wuya, ko yaron da ya fara koyo jiya ya sani: rami huɗu, haƙori huɗu.

Lungun matsattse ne, kuma rabon da hannun nan ya yi masa biyayya har ya manta. Amma ran nan, don ƙaddara ta riga ta shirya abinta, hannun ya tsaya cak. Ya shige tsakanin fankokin ƙasa, ya ɗora kan wayar a kan haƙora huɗun, ya danna, ta zauna daram. Daɗin da ya ji a wannan daƙiƙa ya fi ƙarfin a faɗa. Shekara biyu ba abin da ya gama da hannunsa sai shayi. Ya yanke shawarar ba zai ce komai ba sai an kunna, launuka sun tashi, sannan ya yi gyaran murya ya tambaye ta ko ta san wanda ya sa wayar ƙarshe. Da wannan murmushin ya shiga bayi ya yi alwalar Juma'a.

Da ya fito ya tarar ta dawo, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Wa'il ne, abokin aikinta na benci, wanda ya yi shekara takwas a shagon kuma bai taɓa yafe mata zama kusa da shi ba. Wai mai kaya ya dame shi, yana son a turo masa ɗan bidiyo ya ga hasken kafin ya tafi masallaci. Basant tana da wani ɗan littafi da take rubuta matakan aiki, tana gama kowanne ta ja masa layi. Ta bi su da ido da sauri, ta leƙa gindin allon, ta ga wayar a zaune cikin duhun lungu, ta ja layin ƙarshe.

"Baba, zo ka ga bikin ɗan gata."

Ya matso yana gyara hannun jallabiya, maganarsa a shirye a bakinsa. Ta danna maɓalli.

Fankokin goma suka yi wani farin haske lokaci guda, mai kashe ido, wanda bai kai ƙiftawa biyu ba. Aka ji ɗan ƙara, tas, kamar an taka ƙwaro. Sai duhu. Fukafukan suka ci gaba da juyawa abinsu, suna ta hura iska, kuma iskar ce ta kawo masa warin. Usta ya san warin nan. Ya sha jin sa a gidajen da aka kira shi ya gyara ɓarnar wasu.

Basant ta fizge wayar bango. Ta ɗauko fitilar wayarta ta haska lungun, ta daɗe a sunkuye. Da ta yi magana muryarta ƙasa-ƙasa ce, ba kuka a ciki.

"Sha biyu."

"Mene ne sha biyu, uwata?"

"Mai haƙori huɗun, bolt goma sha biyu yake bayarwa. Na tsofaffin fitilu ne. Waɗannan biyar suke ci, nasu shi ne mai haƙori ukun, giɓin nan da gangan aka yi shi don kada a ruɗe. Na ɗura musu sha biyu ta akwatin rabo, ya raba musu su goma." Ta miƙe ta dubi hannayenta, ta juya su gaba da baya. "Ni na sa ta a nan? Yaushe?"

Nan ne wurin maganar. Kalma biyu ce, kuma da ya faɗe ta a lokacin da labarin nan bai kai a ba da shi ba. Ya buɗe baki. Sai ya ga shekara arba'in da ɗaya tsaye a gabansa, ya ga yadda fuskar yarinyar nan za ta sauya in ta gane uban da take taƙama da shi bai san abin da ɗan koyo ya sani ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, da kunya. Lasifikar masallaci ta yi gyaran murya a ƙasa.

"Ƙaddara ce, uwata," ya ce. "Bari in samu salla."

Bai ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. Ya zauna a sahu na uku yana shirya yadda zai faɗa in ya koma, ya shirya ta kala biyar, kowacce ta fi 'yar'uwarta sauƙi. Da ya hau benen, yana hutawa a kowane hawa, sai ya tarar ta kwance fankokin duka ta jera su a kan tebur, tana gwada su ɗaya-ɗaya. Kowacce tana juyawa, ba wadda ta yi haske. Ta buga wa duk wanda ta sani a kasuwa, irinsu babu a gari, sai an sake yo oda, mako uku in an yi sa'a. Ba yadda za a rufa abin.

"Ba za a iya cire ƙwayayen fitilun a sa wasu ba?" ya tambaya. "Ina da dalma, ina da..."

"A narke suke cikin roba, Baba. Bar shi."

Ta jawo littafinta ta buɗe, ta zuba wa layin ƙarshen ido. Ya fi son ta yi kuka, ko ta jefar da wani abu. Ba ta yi ba.

"Ka san abin da ya fi damuna? Ban tuna ba. Da na tuna lokacin da na sa ta, sai in ce gaggawa ce, gobe in kiyaye. Amma ni a raina na bar ta a sake, na ce sai na dawo. Ashe hannuna yana yin abin da kaina bai sani ba. To mai irin wannan hannun ai ba a ba shi kayan mutane."

"Kowa yana kuskure."

"Kai ka taɓa yi?"

Ya ɗauki kofin shayin safe da ya huce ya kai baki. Yinin nan haka ya wuce, ta mayar da fankokin ta ɗaure komai yadda ya kamata, wayar a kan haƙori uku wannan karon, ko da yake ba abin da za ta ƙara. Sun ci ragowar waken da la'asar. Sau biyu ya kira sunanta, sau biyu ta ɗago, ya ce mata a miƙo masa gishiri, ya ce mata a rage labule.

Ranar Asabar ya ce zai raka ta. Ta ce ba sai ya je ba, ya ce akwatin da nauyi, kamar shi ne zai ɗauka. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. A tasi ya riƙe gefen kwalin da hannun hagu, na daman ya cusa a aljihu.

Rabonsa da benen masu kwamfuta tun ranar da ya kawo ta. Ko'ina ka duba akwatunan gilashi ne a jere a tagogin shaguna, fankoki suna juyawa da ja da kore da shuɗi, ba wanda ke kallonsu. Shi kam kowacce ya gani sai ya ji kamar da shi take. A shagon Alhaji Mamduh, Wa'il ne ya fara tarbar su, da burodin ƙosan wake a hannu.

"Injiniya ta iso. Jiya na jira bidiyo har na gaji. Ko hasken ne ya yi yawa kyamara ta kasa ɗauka?"

Basant ba ta kula shi ba. Ta ɗora akwatin a benci, ta jona, ta kunna a gaban Alhaji, ta faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe ba ta rage komai ba, ba ta kuma nemi uzuri ba. Wa'il ya leƙa, ya yi fito a hankali.

"Biyar a kan sha biyu. Goma rigis. Wallahi ko ni a makona na farko uku kawai na kashe."

"Rufe mana baki," in ji Alhaji. Mutum ne mai jiki da sanyin magana, irin waɗanda ba sa faɗa don sun riga sun gama yanke hukunci. Ya ba Usta kujera, ya aika a kawo shayi, sannan ya juya ga Basant. "'Yata, fanka ba komai ba ce. Zan kira yaron in ba shi haƙuri, ya yi ihunsa ya gama, a sake yo oda. Wata uku kin yi aiki mai tsabta, ban ce ba ki yi ba. Amma kin ji da bakinki, kin ce ba ki ma san lokacin da kika sa ba. Yau fanka ce, gobe abin da ya fi fanka. Teburin gaba yana nan, kin fi kowa sanin kaya, masu saye za su ji daɗinki. Ba faɗuwa ba ce."

"Na gode, Alhaji," ta ce. Ko gardama ba ta yi ba, kuma rashin gardamar nan shi ya tayar da Usta daga kujera.

"Ni ne."

Suka dube shi.

"Ni na sa wayar. Ta sauka wurin gwaggonta, na ga waya tana lilo, na ga rami huɗu, na ga haƙori huɗu, na ɗauka mai ukun karyewa ya yi. Yarinyar nan ba ta taɓa ta ba. Ni ne, Alhaji, ni na ƙona su."

Sai Alhaji Mamduh ya yi wani murmushi mai taushi, ya dafa ƙirji.

"Allah ya bar mana iyaye. Usta, zauna don Allah. Da ni ne ma haka zan yi wa tawa."

"Ba kara nake mata ba. Gaskiya nake gaya maka."

"Kai da ka yi wayarin gidanmu tun ina makaranta, har yau ko tartsatsi ba mu gani ba? Kai ne za ka kasa bambance biyar da sha biyu? Haba Usta. Ka nemi wani labarin."

"To ya nuna mana mana," in ji Wa'il, yana goge mai a wando. Ba da mugunta ya faɗa ba sosai, shi dai yana son kallo. Ya zare wayar bango, ya cire siririyar wayar daga allo, ya miƙa wa tsohon. "Ga ta, Usta. Yadda ka yi jiya."

Usta ya karɓa. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya fito da hannun dama daga aljihu. Idanu shida suna kansa. Hannun ya fara tun kafin ya kai bakin akwatin, yana kaɗawa kamar na mai yayyafa gishiri. Ya cije leɓe ya tura shi cikin lungun, kan wayar ya bugi fanka, ya bugi ƙarfe, ya wuce haƙoran ta sama, ya wuce su ta ƙasa. Ya riƙe wuyan hannun da na hagu, duka biyun suka ɗauka. Gumi ya keto masa. Ya gwada har sau huɗu kafin wayar ta suɓuce ta faɗi a gindin akwatin.

Wa'il ya kawar da kai, shi kansa abin bai yi masa daɗi ba. Alhaji ya zo ya kama kafaɗar tsohon ya zaunar da shi.

"Ya isa, Usta. Wannan hannun bai shiga lungun nan ba. Sha shayinka."

Basant ce ta raka shi ƙasa ya hau mota. A matattakala tana riƙe da gwiwar hannunsa kamar yadda ake riƙe marar lafiya. Sai da suka fito titi, cikin hayaniyar motoci da masu tallar rigar waya, ya tsaya ya juyo gare ta.

"Basant, ki dube ni. Na rantse da Allahn da zai karɓi raina, ni na..."

"Baba, kada ka rantse." Ta sa yatsu a kan hannunsa. Idonta ya cika, amma murmushi take yi masa, murmushin godiya, wanda ya fi zagi ciwo. "Ka zubar da girmanka a gaban Wa'il saboda ni, ba zan manta ba. Amma kada ka haɗa da sunan Allah."

"Me zai sa ba za ki yarda ba?"

"Don na san ka. Da kai ne, ai da tun jiya ka faɗa, a take a wurin. Ba za ka iya zama kana kallona yini guda ina tuhumar kaina ka yi shiru ba. Kowa zai iya, ban da kai."

Ta tsayar masa da tasi, ta gaya wa direban layinsu, ta ce ya bi da shi a hankali. Ta tagar baya ya ga ta gyara mayafinta ta koma ciki.

Ya sake gwadawa bayan kwana biyu, ya kuma gwadawa ranar Juma'ar da ta zagayo. Kullum sai ta sumbaci goshinsa ta ce ya bar maganar, ta wuce. Ta saba da teburin gaba da wuri, har Alhaji yana yabonta. Labarin benci kuwa ba ta sake ɗaukowa ba, shi ma ya daina tambayarta yadda aiki yake, don amsar kullum ɗaya ce, lafiya lau.

Wata safiya, wajen mako uku bayan haka, yana zaune a baranda sai ya ji ta kira shi daga kicin. Ya taso ya same ta tsaye da butar lantarki a hannu. Waya ce ta saki a cikin filogi, sukuru biyu ne a kwance a mayar, aikin da take yi tun tana 'yar shekara tara tana tsaye a kan kujera. Ta riga ta ɗauko sukundireba, amma ba ta buɗe ba. Ta miƙo masa su duka biyun.

"Duba mana wannan, Baba. Ni kada in taɓa in ɓata."

Ya karɓa. Ya zauna a kan kujerar kicin, ya ɗora filogin a gwiwa, ya fara neman kan sukurun da bakin sukundireba, ita kuma ta tsaya a gefe tana jira ya gama.